Kujerar A-kori-kura: Inji Na Shan Gyara, Bayan Direba Na Shan Wuya

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis ya san irin lodin da ake yi wa a-kori-kura. Buhunan hatsi a ƙasa, awaki da tumaki a kansu, mutane kuma a saman ƙarafan da aka kewaye bodin da su. A nan baya ido ke tsayawa, don nan ne abin kallo. Amma da mutum zai leƙa gidan gaba, sai ya tarar da wani labarin. Kujerar direba ta lotsa ta gefen ƙofa, ledar ta dare, soson ya zama gari yana zuba ƙasa. An cusa tsohon matashin kai a ramin, ko darduma ninki huɗu, wani ma guntun katako ya shimfiɗa don kada wayar sifirin ta soke shi. A kan wannan bawan Allah zai zauna tun bayan asuba har isha'i, yana taka kuloci, yana kokawa da sitiyari mai tauri.

Motocin nan sun kwana biyu. Kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda aka kafa a 1972 ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, shi ya cika Arewa da 404 da 504, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. Ke nan ko autarsu ta kai shekara ashirin ko tana dab da haka. Toyota Hilux ta fito tun 1968, Land Cruiser samfurin 70 kuma tun 1984, wadda ita ce jakar hanyoyin Agadas da Damagaram da Chadi. A tsawon wannan zamani an sauke injin mota ɗaya sau da yawa, an canza giya, an sake fenti, an rubuta sabon kirari a bayanta. Kujera kuwa, tun wadda ta fito da ita daga kamfani ce, sai dai a yi ta yi mata sabuwar riga a kan ruɓaɓɓen ciki.

Dalilin a fili yake. In inji ya tsaya, kuɗi sun tsaya. In kujera ta mutu, mota na tafiya, direba ne kawai ke biya da jikinsa, kuma jiki ba ya kawo takardar caji a ranar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu da gadon baya a duniya, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. Wannan ciwo shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke nakasa mutum su hana shi aiki. Direbobin haya na cikin waɗanda abin ya fi kamawa, saboda sun haɗa uku: dogon zama, jijjiga, da ɗaga kaya masu nauyi da zarar sun sauko. Masu binciken jijjiga sun daɗe da gano cewa jikin mutumin da ke zaune ya fi jin girgizar sama da ƙasa idan tana maimaituwa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa ɗaya, domin a nan ne gangar jiki ke amsawa ta ƙara wa girgizar ƙarfi. Hanya mai gargada da motar da ke kan sifirin mai falle-falle suna yawan samar da irin wannan. Soson kujera shi ne shinge na ƙarshe tsakanin wannan duka da ƙashin bayan direba. In ya mutu, ƙarfe ne ke gaisawa da ƙashi kai tsaye.

A tasha kuwa suna dabam ake ba abin. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce basir ne, mai tallan magani da lasifika ya zo ya tabbatar wa kowa zatonsa. Wasu sun koma haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi kullum safiya kafin su tada mota, alhali yawan shan irinsu diclofenac da ibuprofen na tsawon lokaci yana iya cin ciki ya taɓa ƙoda. Ban ce kowane ciwon baya daga kujera yake ba. Wanda ƙafarsa ke mutuwa, ko take rasa ƙarfi, ko fitsari ya fara ƙwace masa, asibiti ya kamata ya nufa ba gareji ba, kuma kada ya jinkirta. Amma direban da ke tashi lafiya da safe, ya sauko da yamma yana dafe ƙugu ya kasa miƙewa sosai, ya dace ya juya ya dubi abin da ya wuni a kai.

Kafin a zare noti ko ɗaya

Akwai abin da ya kamata a faɗa tun da wuri don kada a yi asarar kuɗi. Kujera ita ce ta ƙarshe a layi. Kafin duka ya iso gare ta, ya ratso ta taya, ya ratso ta sifirin da shokazoba. Masu a-kori-kura da yawa suna ƙara fallen sifirin biyu ko uku a baya don motar ta ɗauki fiye da ƙarfinta, sannan su ɗura wa taya iska har ta zama dutse. Da lodi motar tana tafiya sumul, in ta sauke kuwa tsalle take yi a kan kowane rami. Idan shokazoba ta mutu ta zubar da mai, ko kujerar jirgin sama aka dasa ba za a ji daɗi ba. A fara da waɗannan, sannan a zo kan kujera.

Hanya mafi sauƙi, wadda a ganina ta fi dacewa da mafi yawan motocin kasuwa, ita ce a raya kujerar asali. Ƙarfenta an auna shi da gidan motar, ramukan notinta na nan inda kamfani ya ƙarfafa ƙasan, kuma doguwa ce mai cin mutum uku, wato ba a rasa wurin yaron mota ba, ba a rasa kuɗin fasinja ɗaya ba. Abin da ake bukata shi ne mai aikin kushin wanda ya san hannunsa, da mai mota wanda zai tsaya a kansa.

Na ce ya tsaya a kansa, domin a cikin riga ake ɓoye ha'inci. Aikin ƙwarai yana farawa ne da tuɓe kujerar tsirara. A zare ƙananan zobban ƙarfen da suka riƙe ledar ta ƙasa, a ɗaga soso, a ga ƙarfen. A nan za a tarar da wayoyin sifirin masu lanƙwasa da suka ratsa daga gaba zuwa baya. Sau da yawa biyu ko uku na gefen direba sun karye ko sun zame daga maƙalinsu, shi ya sa kujerar ta karkata wajen ƙofa, domin ta nan ake hawa ana sauka. A canza su ko a mayar da su mazauninsu, a duba ƙarfen ko ya tsage a kusurwa a yi masa walda, a kankare tsatsa a shafa fenti. A shimfiɗa buhu mai kauri ko tamfol a kan wayoyin don kada su yanka sabon soso. Mai gaggawa ba ya yin ko ɗaya cikin waɗannan. Yakan ɗora sabon soso a kan tsohon, ya ja leda mai sheƙi, ya ce, "Alhaji, ga ta nan kamar sabuwa." Kafin damina ta fita ramin ya dawo.

Batun soso shi ne inda aka fi cutar mutane, kuma sau da yawa da yardarsu. Mai mota zai danna da yatsa, ya ji laushi, ya ce wannan yake so. Laushin da ke da daɗi a minti biyar na farko shi ne ke gajiyar da mutum a awa ta uku, domin jiki na nitsewa har ya taɓo ƙarfe, ƙugu ya lanƙwashe, gadon baya ya rasa madogara. Ingancin soso a nauyinsa yake. Masu yin sa suna auna kilo nawa ke cikin mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, kuma na kujerun mota na kamfani yakan kai kilo 40 zuwa sama, alhali na arha da ake yanka wa matasan kai bai kai rabin haka ba. Ba sai an je da sikeli ba. A ɗauki gunta biyu masu girma ɗaya a hannu, wanda ya fi nauyi shi zai fi daɗewa. A matse shi a saki, mai kyau nan take yake komawa yadda yake. Masu sana'ar da suka ƙware suna yin hawa biyu: mai nauyi da tauri a ƙasa, ko irin dabbare-dabbaren nan da ake yi da gutsattsarin soso da aka manne, sannan siriri mai laushi a sama. Suna ɗan tada gaban kujerar don ya tallafi cinya, suna kuma ƙara ɗan tudu a majingina daidai inda ƙugu ke lotsawa. Wannan ɗan tudun, wanda bai wuce kaurin yatsu biyu ba, ya fi duk wani ado da za a yi wa kujerar amfani.

Riga kuma, leda na da sauƙin gogewa, amma duk wanda ya shiga motar da ta wuni a rana a watan Afrilu ya san yadda take ƙuna, ga gumi da ke jiƙa bayan riga. Yadi na shan iska amma yana shan ƙurar hunturu. Mafita ita ce yadi mai kauri a tsakiya inda jiki ke taɓawa, leda a gefuna inda ake gogawa wajen shiga da fita. Shimfiɗar ƙwallayen katako da direbobi ke so tana rage gumi, gaskiya ne, sai dai ba ta gyara ramin da ke ƙarƙashinta.

Kujerar gwanjo

Hanya ta biyu ita ce ta fi jan hankalin matasa da masu motar kansu: a cire doguwar gaba ɗaya, a dasa guda biyu masu zaman kansu da aka ciro daga wata motar. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, za ka ga an jera su, na ƙananan motoci da na jif, wasu da fata, wasu da maɓallan lantarki. Idan an dace, bambancin ba kaɗan ba ne. Direba zai iya matsar da tasa ba tare da ya ja fasinja ba, ya kwantar da majingina yadda yake so, gefunan kujerar su riƙe shi a kwana. Babbar riba kuma ita ce matokarin kai. Tsofaffin a-kori-kura da yawa ba su da shi, ƙeyar direba gilashin baya take kallo. Ko a Amurka, inda aka wajabta shi a ƙananan motoci tun 1969, sai a 1991 dokar ta hau kan a-kori-kura. Matokarin ne ke hana wuya ƙwacewa baya idan aka daki mota ta baya.

Sai dai garin gyaran gira ake rasa ido. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi kujera don kyanta, a zo gareji a fara dabarar yadda za ta shiga. A je kasuwa da tef da takarda. A auna daga ƙasan mota zuwa saman mazaunin tsohuwar, a tuna cewa ta lotsa, don haka tsayinta na asali ya ɗan fi haka. A auna daga mazauni zuwa rufi. A auna faɗi daga ƙofa zuwa tudun giya, a kuma auna daga bangon baya zuwa sitiyari. Wannan na ƙarshen shi ke kada mutane a mota mai gida ɗaya. Majinginar doguwar kujera siririya ce, ta ƙaramar mota ta alfarma kuwa tana da kauri sosai, sai ta tokare bango ta turo direba gaba, cikinsa na gogar sitiyari, gwiwarsa na dukan dashbod. Ta jif ko ta bas takan yi tsayi, sai ka ga mutum ya cire hula ya ajiye don kansa na taɓa rufi, yana sunkuyawa kafin ya hango danja. Wadda ta yi ƙasa da yawa kuma, sai ya kasa ganin hancin motarsa.

Awon da ya fi na tef shi ne jikin wanda zai tuƙa. A ɗora kujerar a kan katakai na wucin gadi, ya hau ya zauna da kayan da ya saba sawa. Ya taka kuloci har ƙasa: gwiwa ta rage ɗan lanƙwasa, kada ya miƙe ƙafa sarai, kada kuma ƙugunsa ya bar majingina. Ya miƙa hannu bisa sitiyari kafaɗarsa na jingine, wuyan hannunsa ya kai saman da'irar. Tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa a sami wurin yatsu biyu ko uku, don kada jini ya tsaya. Majingina ta ɗan kwanta kaɗan daga tsaye, saman matokarin kai ya yi daidai da saman kansa. Ya rufe ƙofa ya gwada kai hannu ga mariƙin kwantar da kujera da birkin hannu. Sai an gamsu da duk wannan a kira mai walda.

Ga wata dabara da masu sayar da kayan gwanjo suka sani. A Najeriya tun 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama, direba na zama a hagun mota. Kayan da ake yankowa daga Ingila da Japan kuwa, direbansu a dama yake. Saboda haka kujerar hagu ta irin waɗannan motoci ta fasinja ce, ba ta sha zama ba, sosonta na nan da ransa, kuma ita ce za ta zauna a wurin direbanmu. Abin da ba a yi shi ne a ɗauki ta dama a dasa a hagu. Makullin bel zai koma wajen ƙofa, mariƙin kwantarwa ya koma wajen giya.

Noti huɗu

Nan ne zancen ya tashi daga jin daɗi ya koma na rai. Ramukan sabuwar kujera ba za su taɓa dacewa da na ƙasan motar ba, dole a yi mata ƙafa. Abin da ake gani a garejoji da yawa yana da ban tsoro: guntun rodi ko siririn ƙarfen gado, a ɗiga masa walda nan da can a kan ƙasan mota mai tsatsa, ko a tara wosha da manyan noti a yi tsani da su don a ƙara tsayi, wani har da katako. Motar na tsaye, an girgiza da hannu, ba ta motsa ba, an ce ta yi.

Hannu ba ya gwada abin da haɗari ke gwadawa. Ƙa'idar da Amurka ta sa wa masu ƙera motoci ita ce kujera ta jure jan da ya ninka nauyinta sau 20, gaba da baya. Mai kilo 25 ke nan sai ta riƙe kilo 500, ita kaɗai ba da mutum ba. To, mafi yawan kujerun zamani a jikinsu makullin bel yake, ba a ƙasan mota ba kamar na da. Idan aka yi karo ana gudun kilomita 50 kacal a awa, mutum mai kilo 70 yana iya jan bel da ƙarfin da ya haura tan ɗaya, kuma wani kaso na wannan ƙarfi ta ƙafafun kujerar zai bi. In walda ɗigo huɗu ce, kujera da mai ita tare za su tafi gilashi. Bel mai maɗauri uku, wanda Nils Bohlin ya ƙirƙiro wa kamfanin Volvo a 1959, wanda kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta ɗaura shi a Najeriya a farkon 2003, yana rage haɗarin mutuwar na gaba da kusan rabi. Amma sai abin da aka ɗaure shi a kai ya tsaya.

Yadda ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne, kuma bai fi ƙarfin mai waldar unguwa ba. A yi firam da ƙarfe mai kauri, milimita 3 zuwa sama, a yi masa cikakkiyar walda a waje, ba a cikin mota ba. A tsara shi ta yadda zai zauna a kan ramukan asali na kamfani, sannan a ɗaure layukan kujerar a kansa. In dole sai an huda sabon rami, a leƙa ƙasa tukuna, don bututun mai da na birki da wayoyi ta nan suke bi, wasu motocin ma tankin na kusa. A sa faranti na ƙarfe mai faɗi ta ƙasa don noti kada ya yage ƙasan motar ya fito. A ɗaga shimfiɗar roba a soka sukuddireba a ƙasan, in ya burma, mai gyaran bodi ya fara yanke ruɓaɓɓen wurin ya sa sabo. Noti kuma a duba kansa: na ƙwarai akwai lamba 8.8 ko 10.9 a rubuce. Wanda ba shi da lamba na ƙofa ne da gado. Layukan biyu su tafi daidai da juna, a ja kujera gaba da baya a ji duka biyun sun kama, domin in ɗaya ya kama ɗaya bai kama ba, birki mai ƙarfi zai iya sa ta zame.

Kujera mai lantarki tana da tata matsalar. Ta fi nauyi, tana bukatar waya daga batir da fis nata, kuma ranar da ƙura ta kashe injin da ke matsar da ita, inda ta tsaya nan za ta dawwama. Ga motar da ke shiga ƙauye, mai mariƙin hannu ta fi. Sannan a kula da soket mai launin ɗorawa a ƙarƙashin kujera. Wannan na jakar iska ce da ke cikin gefen majingina, ko na abin da ke fizgar bel lokacin haɗari, dukansu kuma da ɗan abin fashewa suke aiki. A tsohuwar mota ba za su yi amfani ba, don babu kwamfutar da za ta ba su umarni. A gaya wa mai wayarin kada ya kuskura ya ba wannan waya wuta don gwaji. A naɗe ta da tef a bar ta.

Akwai kujeru masu nasu sifirin da shokazoba, irin na tirela da tarakta, kuma su ne suka fi kowace shanye jijjiga. Sai dai tsayinsu ya fi ƙarfin gidan mafi yawan a-kori-kura, ban da tsada.

Saura tambayar wa zai biya. Mafi yawan waɗanda ke zaune a kan waɗannan kujeru ba su ne masu motar ba. Balas suke kaiwa kullum ko duk mako, kuma direban da ya je ya ce, "Maigida, kujerar nan ta mutu," ya san amsar da zai iya ji: mota dai na tafiya ko? Shi kuma ba zai cire daga abin cefanen gidansa ya gyara motar da za a iya karɓe makullinta gobe ba. Haka ake ta tafiya, wannan ya bar motar da ciwon baya, a ba wani. A ganina wannan haƙƙi ne a wuyan mai mota, daidai da taya da birki. Ko ta fuskar riba aka duba, direban da ke mutsu-mutsu yana gyara zama, ƙafarsa na yin sanyi a kan birki, ya fi saurin gajiya, kuma gajiyayyen direba ne ke kai mota rami. Shugabannin tasha da ke duba lodi da layi, ba abin da zai hana su leƙa gidan gaba su ce wannan ba za ta yi lodi ba sai an gyara mazaunin direba.

Alhaji mai mota, ranar da za a kawo maka balas na gaba, karɓi makullin ka zauna a wurin direbanka, a zaga da kai hanyar da ba kwalta ko ta rabin awa ce. In kun dawo, sa a ɗaga shimfiɗar ƙasa ka ga abin da ya riƙe kujerar da idonka, sannan ka ware kuɗin gyaranta kafin na fenti.